Wa Zai Wanke Yaya?

Shekaru sun goge min abubuwa da yawa a ƙasar nan, har da sunayen wasu da muka ci abinci a kwano ɗaya, amma ranar da muka tsaya a ƙofar ɗakin wankan gawa ana gardamar wanda zai wanke 'yar aminiyata, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a garin Clinton na jihar Maryland nake zaune tun farkon zuwana Amurka. Ban da aikin asibiti, ina cikin matan da ake kira idan mace ta rasu a cikin 'yan uwanmu Hausawa na wannan yanki. Ba wai na fi kowa tsoron Allah ba ne, kawai dai an lura gawa ba ta firgita ni, shi ke nan aka ɗora min. Mu huɗu ne muke yi a lokacin. Bayan motata ba ya rabuwa da jakar da ke ɗauke da garin magarya, da kafur, da safar hannu, da farin yadi. Maigidana yakan ce motata ce kaɗai a Maryland da take tuna wa mutum lahira tun kafin ya ɗaura bel.

Aminiyar tawa 'yar Kano ce, a Upper Marlboro take. Mijinta injiniya ne, Allah ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya 'yan shekaru kafin abin da zan ba ku labari. Sun zo ƙasar nan da 'yarsu ta fari tana 'yar makarantar firamare, sauran biyun kuwa a nan aka haife su. Ƙannen ne suke ce mata Yaya, sai kowa ya ara ya yafa, har mu iyaye. Ni ma da Yayar zan ci gaba da kiranta a nan.

Wata rana, lokacin Yaya ta fara zama budurwa, aminiyata ta zo gidana ba ko waya. Ta ja ni ɗaki ta murza mukulli, ta ce in rantse mata abin da za ta faɗa ba zai wuce tsakaninmu ba. Na ce, "Ke kuwa ko gawa kika binne a bayan gida ai sai dai in ɗauko shebur." Ba ta yi dariya ba, sai na shiga taitayina na rantse. Nan ta gaya min cewa mata-maza aka haifi Yaya. Ranar haihuwar ungozoma ta kasa cewa komai, likita ma ya yi ta kame-kame. Kakanni suka zauna da shi suka yanke cewa mace ce, aka yi mata aiki tana jaririya, aka rufe maganar ruf. Yanzu kuma ga murya tana buɗewa, kafaɗu suna faɗi, gashi yana tsirowa a haɓa, al'ada kuwa shiru. Ni na riƙa raka su wajen likitoci. An yi magunguna, an yi gwaje-gwaje, jikin dai ya ci gaba da tafiya yadda Allah ya tsara shi.

Haka Yaya ta tashi a tsakiyarmu, doguwa, mai sanyin hali, mai barkwancin da sai ka koma gida zai ba ka dariya. Ta karanta kwamfuta, ta samu aiki a cikin Washington, ta kama ɗaki a can. Duk wanda wayarsa ta rikice ko takardar inshorarsa ta ɗaure masa kai, ita yake nema. Ranar Idi takan zo a makare da gangan, ta shimfiɗa dardumarta a baranda wajen takalma, ba ta cikin sahun mata, ba ta cikin na maza. Mata su yi ta tsokanarta da "Yaya, yaushe za mu sha biki ne?" Sai ta yi murmushi ta ce ana kan addu'a.

Ban san nauyin da take ɗauke da shi ba sai da muka yi tafiya gida tare. A filin jirgi ma'aikacin ya dubi fasfonta, ya dubi fuskarta, ya sake duban fasfon. Ta shiga na'urar bincike, na'urar ta yi ƙorafi, aka janye ta gefe. Wata ma'aikaciya ta tambaye ta, a gaban layin mutane, ko mace take so ta laluba ta ko namiji. Ni kuwa da ma bakina ba ya shiru, na ajiye jaka na fara zazzaga musu Turancin da ban san na iya ba. Yaya ta ja gefen mayafina ta ce, "Anti, bari kawai, jirgi zai tafi ya bar mu. Na saba." Wannan "na saba" ɗin ta fi komai ƙona min rai, har muka sauka ban iya cin abincin jirgin ba.

A 2017 ne birnin Washington ya fara barin mutum ya sa harafin X a lasin tuƙi ko katin shaida, in bai ga ya dace da gurbin mace ko na namiji ba. Ni ban ma san ana yi ba, sai wata Asabar da Yaya ta zo gyara min intanet. Ina yanka alayyafo ta zaro katin ta ajiye min kusa da faranti.

Na goge hannu na duba, na ce, "Wannan kuma fa? Mu a zamaninmu wanda ya faɗi jarrabawa ake yi wa wannan."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "Anti, tun da na yi wayo duk takardar da aka miƙo min sai na yi ƙarya a kanta. Ban canza komai a jikina ba, ban bar sallata ba. Wallahi I'm just tired. Wannan ne kati na farko da bai yi ƙarya a kaina ba."

Na ce, "Mamanki ta gani?"

Ta ce, "Ta gani. Ta daɗe tana kallonsa, sai ta tambaye ni ko na ci abinci."

Na ce mata ni dai bakina ya riga ya saba da "ke", in kuma akwai wani abin da take so in riƙa ce mata, ta faɗa. Ta ce in ci gaba da abin da bakina ya saba, ita dai in ƙara mata yaji a miyar. Daga nan muka bar maganar. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, domin na san mutanenmu, na kuma san kati ba ya yi wa kowa bayani.

Ba a daɗe sosai ba, cikin sanyin hunturu, Yaya ta yanke jiki ta faɗi a wajen aiki. Jini ne ya daskare ya toshe mata huhu. Kafin uwar ta isa asibiti rai ya yi halinsa. Washegari da safe aka saki gawar, aka kai ta wani gidan ajiye gawa da ke ba Musulmi ɗakin wanka. Ƙannenta biyu suna karatu a wasu jihohin, suna kan hanya. Ni kuma cunkoson motoci ya riƙe ni, ban iso da wuri ba.

Ina shiga na san akwai matsala. Abokan aikina uku suna zaune a kan benci, kowacce da jakarta a kan cinya, ba wadda ta sa safar hannu. Akwai wata dattijuwa 'yar Kumasi da ke zaune a Gaithersburg, ita ce babbarmu, sai wata matar likita, sai wata ƙaramarmu da bakinta ya fi nawa kaifi. A gefe kuma ga Alhajin da ke kula mana da takardun jana'iza, da lasin Yaya a hannunsa. Ashe ma'aikacin wajen ne ya ga harafin a takardun asibiti, ya tambaye shi ko maza ne za su shiga ko mata. Shi kuma bawan Allah, maimakon ya ja uwar gefe ya tambaye ta, sai ya bi mutane yana nuna musu katin ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Lafiya kuka yi jugum? Ku tashi mana, lokaci yana tafiya."

Matar likita ta ce, "Hajiya, mu fa ba mu san abin da za mu tarar a ciki ba. Wadda ta ce da bakinta ita ba mace ba ce, mu su wa da za mu ce mata mace?"

Ƙaramar ta karɓe, "Ai irin yaran nan ne da suka biye wa 'yan ƙasar nan. Yau a ce mace, gobe a ce namiji. Wa ya sani ma ko da sauran addini."

Jinina ya hau. Na ce, "Ke da bakinki? Wa ya riƙa kai mahaifiyarki wankin ƙoda duk ranar da kike bakin aiki, in ba Yaya ba? A lokacin kin tambaye ta kati?" Ta sunkuyar da kai, amma ba ta ajiye jakar ba.

Na juya wajen Alhaji, sai ya ɗaga hannu tun kafin in yi magana. Ya ce, "Hajiya, kar ki dube ni. Mu a mace muka san ta tun tana ƙarama. Ba namijin da zai shiga ɗakin nan."

To ga shi nan. Mata sun ce ba tasu ba ce, maza sun ce ba tasu ba ce, Yaya kuwa tana kwance a bayan ƙofa tana jiran ruwa. Ni kaɗai ba zan iya ba, domin ko juya gawa sai da mataimaki. Amsar da za ta kashe gardamar tana kan harshena, amma rantsuwa ta danne ta. Na nufi aminiyata, tana zaune a kujerar roba a can kusurwa, carbi a hannu, idonta a bushe ƙamas. Na durƙusa a gabanta na ce a hankali, "'Yar uwa, ki sake ni in faɗa musu." Ta girgiza kai ba tare da ta dube ni ba. Abin da ta kwashe kusan shekara talatin tana rufewa, ba za ta buɗe shi a gaban matan da suke cin tuwon suna tare ba. Na ji haushinta a lokacin, na kuma ji tausayinta, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ana cikin haka liman ya shigo, wani matashi mutumin Damagaram, mai natsuwa. Ya ce daga maƙabarta an bugo, masu haƙa za su tashi kafin la'asar, kuma ranar Juma'a ce. In aka rasa yau, sai dai gawar ta koma firji har Litinin. Aka yi masa bayani, kowa da irin nasa. Ya shafa gemu, sannan ya ce in dai an rasa mai wanka, shi zai sa safar hannu ya yi mata taimama, fuska da hannaye kawai, a sa ta a likkafani a tafi.

Sai a nan aminiyata ta ɗago kai. Ta ce, "Taimama, Malam? Ruwa ne ya ƙare a Amurka?"

Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafinta, ta zo tsakiyarmu. Muryarta ba ta rawa, kamar mai ba da labarin wani. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta biye wa kowa ba. Haka Allah ya ba ni ita. Mata-maza na haife ta, mu muka zaɓa mata, ba mu tambaye ta ba don ba ta da bakin amsawa. Abin da kuka gani a katin nan, shi ne gaskiyar da ni na kasa faɗa. Yanzu kun ji, sai ku kai inda za ku kai."

Alhaji ya dubi katin da ke hannunsa kamar ya rasa inda zai ajiye shi, daga ƙarshe ya miƙo min. Liman ya ce, "Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Wannan halitta ce, malamai sun san da ita tun da can, ba laifin kowa ba ne. In akwai muharrami, zai iya wankewa ta ƙarƙashin mayafi."

Ta ce, "Ni zan wanke abata."

Dattijuwar Kumasi ta dafa kafaɗarta ta ce, "Haba ɗiyata, uwa ba ta shiga wankan ɗanta, balle 'yar fari. Zuciyarki ba za ta ɗauka ba." Gaskiya ta faɗa, domin aminiyata irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa ganin ta rungumi Yaya a gaban mutane ba, ko yabonta aka yi sai ta kawar da kai ta canza magana.

Ta ce, "Hajiya, kunyar ce ta kawo mu nan." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke kuma ki zo ki nuna min, ban iya ba."

Liman ya yarda in shiga in riƙe ruwa in taya juyawa, muddin mayafi yana rufe da jikin. Muka shiga mu biyu, na tura ƙofa. Ɗakin da sanyi, teburin ƙarfe ne a tsakiya, Yaya tana kwance kamar mai barcin gajiya. Na haɗa ruwa mai ɗumi, na dama magarya, na sa wa aminiyata safar hannu don yatsunta sun kasa shiga da kansu. Na ce ta yi niyya, ta fara da alwala, sannan dama kafin hagu. Ina faɗa tana yi, kamar 'yar da ake koya wa girki.

Da ta zo wanke fuskar, sai hannunta ya tsaya a haɓar. Ta cire safar ta shafa da tafin hannunta. Ta ce, "Kullum take askewa?"

Na ce, "Kullum, tun kafin ta fito."

Ta ce, "Ban sani ba."

Na ci gaba da zuba ruwa, fuskata tana kallon bango. Can na ji motsinta ya sake tsayawa a ƙarƙashin mayafin, na san hannunta ya kai kan tabon aikin da aka yi tun Yaya tana jaririya. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Ashe haka suka bar miki wajen. Kakarki ce ta karɓe ki tun kina zanin goyo, ita take miki wanka, ni ina tsakar gida ina kunya. Ki yafe min." A nan ne kukan da ta riƙe tun jiya ya ɓalle. Ni da nake taƙamar gawa ba ta girgiza ni, sai ga shi ina lalubar famfo ban ganinsa. Na wanke mata da yawa a ƙasar nan, tsofaffi da masu jego, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan ɗaki ba.

Ba ta yi gaggawa ba, ni ma ban ce ta yi ba, duk da na san ana jiranmu. Ta wanke kan, ta bi bayan kunnuwa, ta bi tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi wa jariri. Da muka zo ruwan ƙarshe na kafur, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Dattijuwar Kumasi ce ta miƙo likkafani ta gefen ƙofa, ta riga ta yanka ta ninke, ta turara shi. Sauran biyun kuwa sun sulale tun ɗazu.

Mun isa maƙabarta masu haƙa suna duba agogo. Sahun sallar bai kai rabin abin da na zata ba, domin maganar katin ta riga ta zaga wayoyi tun safe, gaskiyar kuma ba ta kai ga zagawa ba tukuna. Ni da aminiyata muka zauna a cikin motata daga nesa, muna hango maza suna sauke ta. Ta ɗora hannayenta a kan cinya, har lokacin suna ƙanshin kafur. Ta ce, "Na ɓoye ne don kada a guje ta. To ga shi an guje tan, kuma duk shekarun nan ita kaɗai ta ɗauki abin." Na ƙara mata ɗumin motar.

Ranar uku matan nan biyu suka zo gaisuwa da kulolin abinci, suka durƙusa suka ba da haƙuri, suna cewa da sun sani. Aminiyata ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni kam sai da na kwashe watanni kafin in iya amsa sallamarsu da sakin fuska. Abin da ya tsaya min shi ne, da a ce zarginsu ma gaskiya ne, shin sai a bar Musulmi ba wanka?

Daga baya na ji ana ta ce-ce-ku-ce a kan ko a sa harafin a fasfo ko kada a sa. Ni ba malama ba ce, ba kuma 'yar siyasa ba, wannan na bar wa masu shi. Abin da ranar ta koya min shi ne, harafi ɗaya a kan kati ba ya gaya maka abin da mutum ya kwana da shi ya tashi da shi, kuma kafin ka yanke wa ɗan wani hukunci, ka ja danginsa gefe ka tambaya. Ta kuma koya min cewa akwai rufin asirin da ke kare iyaye daga bakin mutane, amma ya bar yaro shi kaɗai. Aminiyata tana nan da ranta, ta tsufa. Yanzu ita ce take riƙe min ruwa duk lokacin da aka kira ni, kuma ban taɓa jin ta tambayi ko 'yar wace ce ba kafin ta sa safar hannu.